Daga Katsina Zuwa Maraɗi Ta Sama: Minti Nawa Ne?

Mazauna Ƙofar Durbi da sauran unguwannin gabashin birnin Katsina sun saba da rugugin jirgin sama, domin filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa ta wannan ɓangare yake, 'yan kilomitoci kaɗan bayan ganuwa. Lokacin jigilar alhazai ma har yara kan iya rarrabe ƙarar mai tashi da ta mai sauka. A cikin tambayoyin da ganin jirgi kan jawo akwai wata mai kama da sauƙi, wato idan ya tashi daga nan zai je gari kaza, minti nawa zai yi?

Ɗalibin da ya yi lissafi a makarantar sakandare yana da amsa a bakinsa: a raba nisa da gudu. Tsakanin filin jirgin Katsina da na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar akwai kilomita 80. Jirgi samfurin Boeing 737, irin wanda aka fi gani a filayen Nijeriya, yana gudun kimanin kilomita 830 a awa ɗaya. Idan aka raba 80 da 830 za a sami abin da bai kai minti 6 ba. Ke nan kafin mai shayi ya gama sheƙa kofi guda, matafiyi ya isa Maraɗi. Amma babu matuƙin jirgin da zai sa hannu a kan wannan lissafi, domin ya san tafiyar za ta ci wajen rabin awa. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun mintocin da suka ɓace tsakanin 6 da 30, domin a cikinsu ne za a gane dalilin da ya sa garuruwa makusanta masu filayen jirgi ba safai jirgi ke haɗa su ba.

Mun zaɓi Maraɗi ne saboda kusancinta ta kowace fuska. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora ce ta nufi arewa ta zauna a Maraɗi, har yau kuma sarkin garin da sarautar Katsina ake kiran sa. Dangi ne a nan da can, ciniki kuwa ba ya yankewa. A inda Maraɗi ta yi mana kusa da yawa, za mu ari Sakkwato don ƙarin misali.

Yadda Ake Auna Nisan

Tun da ba a shimfiɗa igiyar awo a sararin sama, ta yaya aka san kilomita 80 ne? Masana labarin ƙasa sun zana wa duniya layuka iri biyu. Na farko su ne masu kewaye ta a kwance, waɗanda ake kira latitud, suna nuna nisan wuri arewa ko kudu da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu. Na biyu su ne masu tasowa daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, ana kiran su lonjitud, su kuma suna nuna nisan wuri gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Ana ƙirga su duka da digiri, kowane digiri kuma an kasa shi 60, kowane kashi ana ce masa minti. Mai karatu ya lura, wannan mintin na awon wuri ne, sunan kawai ya haɗa shi da na agogo.

Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, kowace da'ira kuwa digiri 360 gare ta, saboda haka digiri ɗaya na latitud ya tashi kilomita 111 ke nan. Sanin wannan ya daɗe. Wajen shekara ta 830 Miladiyya, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aika masana taurari zuwa filin Sinjar, suka yi ta tafiya suna awon ƙasa suna kuma duban tsayin rana, har suka fitar da tsawon digiri guda, abin da suka samu kuwa bai yi nesa da na yau ba.

Filin jirgin Katsina yana kan digiri 13 arewa, da digiri 7 da minti 40 gabas. Na Maraɗi yana kan digiri 13 da minti 30 arewa, da digiri 7 da minti 8 gabas. Wato Maraɗi ta fi Katsina arewa da rabin digiri, kimanin kilomita 55. Ta kuma fi ta yamma da minti 32. A nan akwai ɗan tarko. Layukan lonjitud ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Suna matsowa kusa da juna yayin da ake nufar ƙuryar duniya, kamar dai layukan jikin kabewa da ke haɗuwa a gindinta. A kan ikwaita digiri ɗaya kilomita 111 ne, amma a daidai Katsina ya ragu zuwa 108. Minti 32 a nan ya zama kilomita 58 ke nan.

Yanzu muna da alwatika mai kusurwa miƙaƙƙiya, gefe ɗaya 55, ɗaya 58, muna neman gefen da ya karkata. Ƙa'idar Fitagoras ta ce a ninka kowane gefe da kansa a haɗa: 55 sau 55 ya ba da 3,025, 58 sau 58 ya ba da 3,364, jimla 6,389. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce 80, ko kusa da ita ƙwarai, tun da 80 sau 80 shi ne 6,400. Hakanan idan aka bi wannan hanya za a tarar daga filin Katsina zuwa filin Sarkin Musulmi Abubakar na III a Sakkwato kilomita 266 ne, kusan duka yamma sak, zuwa filin Malam Aminu Kano kuwa kimanin 142. Wannan dabara tana aiki ne a gajeren nisa, inda za a iya ɗaukar ƙasa tamkar shimfiɗaɗɗiyar tabarma. A doguwar tafiya irin ta Jidda, wadda ta kusa kilomita 3,500, dole a sa lanƙwasar duniya cikin lissafi.

Su matuƙa jirgi ba da kilomita suke aiki ba. Mil na teku suke amfani da shi, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, an kuma zaɓe shi ne don ya yi daidai da minti ɗaya na latitud. A wurinsu Maraɗi mil 43 ce, Sakkwato 144. Tsayi kuma da ƙafa suke auna shi.

Akwai wata shaida ta nisan Sakkwato wadda masu azumi suka sani ba tare da taswira ba. Duniya tana juya digiri ɗaya a kowane minti 4 na agogo, tsakanin garuruwan biyu kuwa akwai kusan digiri biyu da rabi. Shi ya sa Bakatsine kan riga Basakkwace shan ruwa da wajen minti 10, alhali agogonsu ɗaya.

Inda Mintocin Ke Shiga

Gudun kilomita 830 da muka ambata gudu ne na can ƙololuwa, a tsayin ƙafa 35,000, wato kusan kilomita 11 daga ƙasa. A wannan tsayi kaurin iska bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda muke shaƙa ba, don haka ba ta tare jirgi sosai, injin jet kuma ba ya shan mai da yawa. An ƙera jirgin ne domin ya zauna a can. Sai dai hawa wannan tsayi kan ɗauki wajen minti 20, kafin nan kuwa jirgi ya ci kimanin kilomita 200.

Saukowa ma haka take. Jirgi ba ya faɗowa kamar shaho ya hango ɗan tsako. Gangarowa yake yi sannu a hankali bisa karkata ta kimanin digiri 3. Matuƙa suna da ƙa'idar da suka haddace: kowace ƙafa 1,000 ta tsayi tana bukatar mil 3 na tafiya kafin a sauke ta. A ma'auninmu, kilomita ɗaya na tsayi yana cin kilomita 18 na hanya. Wanda ke ƙafa 35,000 sai ya fara gangarowa tun yana da saura kusan kilomita 200. Idan aka haɗa hawa da sauka, jirgin jet yana bukatar hanyar da ta kai kilomita 400 kafin ma ya taɓa tsayin da aka yi shi dominsa. Sakkwato ba ta kai haka ba, balle Maraɗi. A kan hanyar Maraɗi, jirgi yana kaiwa ƙafa 8,000 ko 10,000 sai ya sunkuyar da kai.

Ƙasa da ƙafa 10,000 kuwa, a yawancin sararin samaniyar duniya doka ta hana jirgi wuce gudun mil na teku 250 a awa, wato kimanin kilomita 460, domin a nan ne ƙananan jirage da tsuntsaye suke, ana so matuƙi ya sami damar gani da kaucewa. Bugu da ƙari, a kilomita 15 zuwa 20 na ƙarshe dole jirgi ya daidaita da titin sauka, ya fitar da tayoyi, ya buɗe fikafikansa, ya rage gudu zuwa kimanin kilomita 260. Idan aka tattara wannan duka, babban jet ba zai wuce matsakaicin gudun kilomita 350 ba a irin wannan hanya, ga shi kuma juye-juyen tashi da sauka sun mai da kilomita 80 sun koma kusan 100. Ƙiyasi ya ba da minti 17 a sama.

Har yanzu da saura. Lokacin da kamfanoni ke rubutawa a jikin tikiti ba daga barin ƙasa zuwa taɓa ƙasa ake ƙirga shi ba. Ana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga wurin da yake ajiye, a tsaya sa'ad da ya tsaya cik a ɗaya filin. Titin tashi na Katsina tsawonsa kilomita uku da rabi ne, jirgi kuma da tafiyar da ba ta fi ta babur ba yake zuwa bakinsa, ya jira izini daga hasumiya. Minti 10 zuwa 15 kan tafi a nan, idan aka haɗa na tashi da na sauka. Ga rabin awarmu ta cika.

Abin sha'awa shi ne idan aka kawo ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, kamar Cessna Caravan mai ɗaukar mutum goma da 'yan kai, wanda iyakar gudunsa kimanin kilomita 340 ne. A takarda, jet ya ninka shi gudu har da rabi. Amma shi ba ya bukatar hawa can sama, kwanarsa gajera ce, ba ya kuma cin dogon titi. Cikin kimanin minti 20 zai sauka Maraɗi. Duk fifikon da jet ke da shi a nan bai wuce minti 3 ko 4 ba, alhali man da zai ƙona ya ninka na ƙaramin sau da yawa.

Saboda haka ya fi kyau mai karatu ya ɗauki lokacin tafiyar jirgi a matsayin kashi biyu. Akwai kashi tsayayye, na gangarawa bakin titi da hawa da sauka, wanda ko ina za a je sai an biya shi, kimanin minti 25 zuwa 30. Sa'an nan akwai kashin da ke ƙaruwa da nisa. Ga alhajin da zai yi awa huɗu da rabi ko biyar zuwa Jidda, kashi na farko ba a ma jin sa. Ga mai zuwa Maraɗi kuwa, shi ne kusan dukan tafiyar.

Iska Da Fuskar Titi

A kowane bakin titin jirgi akwai manyan lambobi da aka rubuta da farin fenti. Na Katsina 05 ne a baki ɗaya, 23 a ɗayan. Idan aka ƙara sifiri a bayansu za a sami fuskar da titin ke kallo a kan kamfas: digiri 50, wato arewa maso gabas, da digiri 230, kudu maso yamma. Ba haka kawai aka shimfiɗa shi ba. Jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, domin iskar da ke bugun fikafikansa ita ke ɗaga shi, idan ta zo ta gaba sai ya tashi da wuri, ya kuma tsaya da wuri. A ƙasar Hausa kuwa iska biyu ce ke mulki: ta hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas, da ta damina mai zuwa daga kudu maso yamma. Titin an ɗora shi ne a kan hanyarsu.

Mu ɗauki tafiyar Sakkwato, inda titin filinsu yake da lamba 08 da 26, kusan gabas da yamma. A watan Agusta, iska na zuwa daga kudu maso yamma, jirgi zai tashi daga Katsina yana kallon kudu maso yamma, ya ɗan karkata dama kaɗan, ya miƙe, ya sauka Sakkwato yana kallon yamma. Hanya ɗoɗar. A watan Janairu kuwa, sai ya tashi yana kallon arewa maso gabas, wato ya ba Sakkwato baya, ya yi doguwar kwana kafin ya kama hanya. Idan ya isa kuma ba zai sauka kai tsaye ba. Sai ya wuce filin ya yi yamma da shi, ya juyo ya fuskanci gabas. Kilomita 30 ko 40 kan ƙaru ta wannan hanya, garuruwan kuwa suna nan inda suke.

Wannan ta ƙasa ke nan. A sama ma iskar tana aikinta, domin jirgi cikinta yake iyo kamar yadda kwalekwale ke tafiya cikin kogi. Idan ta biyo bayansa sai gudunta ya haɗu da nasa, idan ta tare shi sai a debe. Da damina akwai wata iska mai ƙarfi da ke ratsa yankinmu daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita 3 zuwa 4, gudunta kan kai kilomita 40 zuwa 50 a awa, masana yanayi kuma sun san tana da hannu wajen tafiyar da manyan hadura da kan taso mana daga gabas. A ce ƙaramin jirgin koyon tuƙi, irin na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya wadda aka kafa a 1964, yana gudun kilomita 200, iska kuma tana 50 daga gabas. Zuwa Sakkwato zai riƙa cin ƙasa da gudun 250, ya isa cikin minti 64. Dawowa kuwa 150 ne, minti 106. Jimla minti 170. Da babu iska sam, zuwa da dawowa minti 160 ne. Mutane da dama kan zaci abin da iska ta ci a dawowa ta riga ta biya a zuwa, amma ba ta biya duka, saboda jirgi ya fi daɗewa a cikin wadda ke tare shi fiye da wadda ke tura shi. Gwargwadon rashin saurin jirgi, gwargwadon yadda iska ke wasa da shi. Jiragen soja uku na Ingila da suka fara sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, masu gudu ne irin wannan, sun kuma kwashe kwanaki suna yada zango tun daga Masar.

Zafi Da Hazo

Zafin bazara ma yana da nasa rabon. Iska mai zafi sakayau take, ba ta da kauri, saboda haka fikafikai ba sa samun abin dafawa sosai, inji kuma ƙarfinsa kan ragu. Filin Katsina yana bisa tsayin kimanin mita 500 daga teku, amma da azahar ɗin Afrilu, sa'ad da zafi ya kai digiri 40, jirgi kan ji kamar yana tashi daga tsayin mita 1,500 ne, wanda ya ɗara na Jos. Sai ya ci titi mai tsawo, ya hau a hankali, wani lokaci ma a rage masa kaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake yi wa filayen ƙasashe masu zafi dogon titi.

Sai dai babu abin da ke rusa jadawali kamar hazo. Ƙurar hunturu mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda busasshen gindin wani tsohon tabki ya bar gari mai laushi kamar toka. Idan ta sauko sosai, mutum ba ya iya hangen abin da ke kilomita ɗaya gabansa. Filin da ke da na'urar da ke jagorantar jirgi da siginar rediyo har bakin titi, matakinta na farko kan bar matuƙi ya sauko zuwa ƙafa 200, muddin ana iya hangen kimanin mita 800. Filin da ba shi da ita kuwa, ko tana nan ba ta aiki, sai an sami hangen da ya fi haka nesa ba kusa ba. A nan ƙananan filaye suka fi shan wuya.

Dokar sufurin sama ta wajabta wa jirgin fasinja ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani filin idan saukar ta gagara, da kuma na shawagin minti 30 a kan wannan. Ga mai zuwa Maraɗi, filin ko-ta-kwanan kan iya fin inda za shi nisa. Matsalar ita ce hazo ba gari ɗaya yake rufewa ba. Rana ɗaya yakan lulluɓe Katsina da Maraɗi da Kano da Damagaram gaba ɗaya. Tafiyar minti 30 sai ta koma jiran kwana biyu.

Iyakar ƙasa ma ta haura sama. Bisa yarjejeniyar Chikago ta 1944, kowace ƙasa tana da cikakken iko da sararin da ke bisanta. Jirgin Katsina zuwa Maraɗi, duk gajartar tafiyarsa, jirgin ƙasa da ƙasa ne: sai da izini, sai da fasfo ko takardar da ke madadinsa, sai da kwastan, a tsakiyar hanya kuma masu kula da zirga-zirga na Nijeriya su miƙa shi ga na Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyakar ƙasashen biyu, Nijar kuma ta rufe sararin samaniyarta a watan Agusta; sai a Maris na 2024 aka buɗe iyakar ƙasa. Alhazan 2023 su ma sun ɗanɗana irin wannan, domin yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun shekarar ya tilasta wa jiragensu yin zagaye, tafiyar ta ƙaru da awoyi.

Daga Ƙofa Zuwa Ƙofa

Matafiyi ba daga titin jirgi yake tashi ba, daga gidansa yake tashi. A ce ɗan kasuwa ne a Ƙofar Durbi zai je Maraɗi. Minti 15 zuwa filin jirgi. Awa ɗaya da rabi, in an yi sauƙi, na awon kaya da bincike da buga fasfo. Rabin awa a jirgi. Wata rabin awar a hannun jami'an can, sa'an nan minti 15 zuwa cikin gari. Awa 3 ke nan. Ta mota kuwa, daga Katsina a bi Jibiya a ƙetare ta Magama zuwa Ɗan Isa a shiga Maraɗi, hanyar ba ta kai kilomita 100 ba, tuƙin awa ɗaya da rabi ne, sai abin da shingayen hanya da bakin iyaka suka ci. Ko a tafiyar cikin gida, inda babu fasfo, abin da ke kewaye da tashin jirgi kan ci wajen awa biyu da rabi, a wannan lokaci kuwa motar da ke matsakaicin gudun kilomita 70 ta ci kilomita 175. Wato ta isa Kano. Duk garin da ke cikin wannan da'ira, mota ta riga jirgi.

Kamfanin jirgi ma yana da nasa lissafin. Kuɗin sauka a fili ba ya raguwa don tafiyar gajera ce. Mafi tsananin shan mai a wajen tashi da hawa yake. Jikin jirgi kuma da yawan tashi da sauka yake tsufa fiye da yawan awoyi, domin kowane hawa sai an cika cikinsa da iska ya ɗan kumbura, kowace sauka ya saki, kamar ƙarfen da ake lanƙwasawa ana miƙewa. A Afrilun 1988 wani Boeing 737 na kamfanin Aloha, mai gajerun tafiye-tafiye tsakanin tsibiran Hawai, rufinsa ya yaye yana cikin tafiya, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Ya yi tashi da sauka kusan sau 90,000. Inda duk aka ga gajeriyar hanyar jirgi ta ɗore, za a tarar akwai abin da ya hana mota wucewa. Mafi gajarta a duniya tana tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray a arewacin Sikotland, ƙasa da kilomita 3, tafiyar da ba ta kai minti 2 ba, teku ce kuma ta raba su. Tsakanin Katsina da Maraɗi babu teku. Abin da ya dace da wannan tazara shi ne kyakkyawan titi da layin dogo, irin wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi.

Sakkwato ce lissafinta ya sha bamban, a ganina kuma ita ce ta cancanci a dube ta da kyau. Ta sama kilomita 266 ce, amma ta mota, idan aka bi Jibiya da Ƙauran Namoda da Gusau, ta haura 400, tafiyar awa 6 ko fiye, a kan hanyar da 'yan bindiga suka addaba tun cikin shekarun 2010, har masu hali kan zagaya ta Funtuwa su ƙara nisa. Jiragen fasinja da ke zuwa filayen biyu kuwa galibi Abuja da Legas suka sa gaba. Wanda ya ce lallai ta sama zai je, sai ya yi kudu kilomita 445 zuwa Abuja, ya sake yin arewa kusan 490, jimla fiye da 930, wato ninki uku da rabi na ainihin nisan, ban da zaman jira a tsakani. Jirgi mai farfela biyu irin ATR 72, mai kujeru wajen 70 da gudun kilomita 510, zai yi tafiyar kai tsaye cikin kimanin minti 45 a sama, jet kuwa bai fi ya riga shi da minti 10 ba. Idan aka haɗa da awa biyu da rabi na filin jirgi, mutumin Ƙofar Durbi da ya fita bayan sallar asuba zai isa Sakkwato da hantsi. Abin da ya rage lissafin kasuwa ne: a sami fasinjojin da za su cika mafi yawan kujerun nan 70 a kowace rana, zuwa da dawowa, ko kuwa a nemo jirgin da bai kai wannan girma ba.